Zalia, wadda ta bar wa Sumaya sunan ubanta

Kullum da safe Zalia takan shiga bas daga unguwar Morris Heights da ke nan Bronx, ta bi gida-gida tana duba yaran da hukuma ta ba mutane riƙo. Aikinta ke nan shekara da shekaru. Mutanenmu kuwa suna kiranta mai ƙwace 'ya'ya, a gidan suna ma ba a matsa mata wurin zama. To, ku ji abin da mai ƙwacen ta yi.

Akwai wata marainiya, Sumaya 'yar marigayi Barmo, da ta zaga gidajen riƙo kafin ta faɗo hannun Damata a unguwar Soundview. Damata ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Amma duk sanda aka ce ta zo kotu a mallaka mata yarinyar, sai ta ce ba ta da lafiya. Hukuma ta gaji, ta fara neman wani gida, wurin waɗanda Sumaya ba ta taɓa gani ba.

Zalia ta je, ta zauna a kicin, ta ci tuwo, sannan ta ce, "Mma, ciwon nan naki ranar kotu kaɗai yake tashi? Me kike tsoro?"

Damata ta ce, "'Yar nan, an ce min sai an cire sunan ubanta an sa na mijina. In je lahira in ce wa Barmo me?"

Abin da ya tsayar da maganar ke nan, kuma ba wanda ya taɓa tambaya. Zalia ta ja ta wurin liman, ya yi mata bayani. Ta ja ta wurin lauya, ya ce ba dole ba ne a canza sunan yarinyar. Zalia ta yi ta sintiri a kotu har aka sa rana tun ba a ɗauke Sumaya ba. Da aka gama mallaka wa Damata ita, yarinyar ta tambaya da Turanci ko ta kwance jakarta. Ashe tun zuwanta gidan a ɗaure take ajiye kayanta.

Zalia, ke ce kika tambaya. Uwar marayun Bronx, Allah ya saka miki, ya jiƙan mahaifanki.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ku da kuka zage ta kun san kanku, ku je ku nemi gafararta tana da rai, ba sai an shimfiɗe ta ku zo kuna kuka ba. Wadda kuma ke riƙe da ɗan wani tana ɓoye wa kotu, ta fito ta faɗi abin da take tsoro. Yaran nan girma suke yi, ba jiranku suke ba.