Shayin da Babu Ganye a Ciki

Shekarar da muka tsayar da maƙwabcina takarar shugabancin ƙungiyarmu, kofin shayi ne ya kusa kayar da mu. Ƙungiyar masu sayar da kayan noman rani ce, daga Birnin Kebbi har Argungu. Ni taki da maganin feshi nake sayarwa, shi kuma injin ban ruwa da kayan gyaransa. Ibo ne, amma ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa irin tamu ce sak. Manoman Zauro da Ambursa sun san shi, don in injin mutum ya tsaya ana tsakiyar ban ruwa, babur yake hawa ya bi shi har fadama. Ni na matsa masa ya fito, kuma ni na zama uban kamfe, ina ta rawar kai kamar ni za a zaɓa.

Matsalar ɗaya ce. Shi ɗan wata ɗariƙar Kiristoci ne da ake ce wa Momon, kuma dokarsu ta hana giya da taba, ta hana shayi da kofi. Mu da muke zaune da shi mun saba. Amma abokan hamayya suka samu abin yi. Suka baza cewa ƙyamar kofinmu yake yi. Wai ga shi kullum da baƙin lemon kwalba a hannu, wanda shi ma yana hana barci kamar shayi, to mi ya raba su in ba raini ba? Maganar ta kama kamar wutar kara, musamman a Argungu.

A Argungu kuwa akwai wani dattijo, tsohon dillali, Baba Alhaji muke ce masa. Inda ya tsaya nan mutanen garin ke tsayawa. Kuma duk mai neman goyon bayansa, a teburin mai shayin bakin kasuwa yake samunsa da safe, ya sa a haɗa maka kofin shayi, ka sha, sannan a yi magana. In ka ƙi kofin nan, ka gama naka.

Sai na ƙulla dabara, kuma wallahi a lokacin ji nake babu mai wayona a duk jihar. Ranar da za mu gana da dattijon, na riga kowa zuwa, na ja mai shayin gefe, na ce in an zo kan baƙon nan ya dafa masa citta da kanumfari zalla, ya zuba madara, kada ganyen shayi ko ɗaya ya shiga. Da muka zauna aka miƙo kofin, sai na raɗa wa mutumina cewa babu ganye, ya sha abinsa. Ya shinshina, ya yarda, ya kurɓa.

Kai, wurin sai ya kaure da sowa! "Ashe yana sha! Ashe ƙarya aka yi mai!" Wani har da tafi. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa, ina cewa a raina an gama, kujera ta zo gida.

Sai mutumina ya dube su, ya dube ni, ya ajiye kofin. Ya ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri. Wanga ba shayi ba ne, citta ce da madara. Ni ba ni shan shayi, addinina ya hana ni, kuma ko na ci zaɓe ba zan sha ba. Ba ni son ku zaɓe ni bisa abin da ba haka yake ba."

Inna lillahi! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.  Baba Alhaji ya juya cokali a kofinsa, sannan ya ce, "To lemon kwalba hwa, da aka ce kana sha?"

Ya ce, "Baba, dokarmu shayi da kofi ta kama, ba ta kama lemo ba. Na tambayi manyanmu. Wasu cikinmu na barin shi don ra'ayin kansu, ni ban bari ba."

Dattijon ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya shiga zancen farashin albasa.

A hanyar dawowa ban raga masa ba. Na ce, "Oga, wane irin mutum ne kai? An dafa maka, an tauna maka, haɗiya ce ta gagare ka?" Ya ce shi ma ransa ya ɓaci, don na sa shi cikin abin da bai sani ba. 

Ranar zaɓe, da hantsi, aka taru a filin bayan kasuwa. Mu ba ma jefa takarda, layi ake yi bayan ɗan takara, kowa na ganin kowa. Na tsaya dab da bayansa duk da fushin. Layinmu gajere, na hamayya ya fi shi, mutanen Argungu kuma sun cure gefe guda suna jiran dattijonsu. 

Can sai ga Baba Alhaji da sandarsa, yana tahowa a hankali. Ya wuce layin hamayya ko kallo babu, ya zo ya tsaya kusa da ni, ya zungure ni da sandar.

"Kai ne ka shirya citta ran nan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To koma can baya. Bayan wanga mutum na zo tsayawa, ba bayanka ba."

Na fice ina dariya, ido na kawo ruwa, na nufi ƙarshen layi. Kafin in kai, mutanen Argungu sun riga ni, sai da na taka har bakin titi sannan na samu wurin tsayawa.