Gadar da Ungulaye Suka Ci

Da ranin bara muka fita farauta a dajin Danchadi, ni da kawuna, tsohon maharbi, da mijin ƙanwata da ya sayo sabon baka a kasuwar Shagari yana ta cika baki.

Gada ta ɓullo daga cikin sabara, can nesa. Kawu ya ɗaga hannu a dakata, amma mijin ƙanwata ya saki kibiya. Ta soki gadar a ciki, gadar ta ruga da ita.

"Taho mu bi jinin," in ji Kawu.

Mijin ƙanwata ya ce, "Haba Kawu, cikin ranag ga? Allah shi ba mu wata."

Ni da Kawu muka bi sawu har ya ɓace mana. Bayan kwanaki ungulaye suka nuna mana inda gadar take, a bakin fadama. Ta kumbura, tsutsa na fita ta gefen kibiyar, warin ya sa ni amai. Kawu ya tofar da yawu ya ce, "Wanga ba halbi ba na, ɓanna ta."

Da muka gaya wa mijin ƙanwata, tambayarsa ɗaya: ko mun ciro masa kibiyarsa? Ban sake shiga daji da shi ba.