Juma'ar da wayoyin Karmo suka yi shiru

Turken sabis ɗin waya na zamani eriya ne da shi birjik. Kafin ya aika wa wayarka saƙo daidai inda kake, sai wayar ta gaya masa yadda take jin kowace eriya, kuma ba sau ɗaya ba, a kai a kai. Idan eriya suka yi yawa, rahoton sai ya yi tsawo har ya cinye hanyar da maganar mutane za ta bi. Aikin da na shafe shekaru ina yi a Abuja ke nan: koya wa waya rage surutu. Dabarata mai sauƙi ce. Wayar da ke zaune wuri ɗaya ta yi shiru, sai ta motsa sannan ta kai rahoto.

Mu biyu muka rage a sashen, ni da wata injiniya 'yar Binuwai, Kirista, wadda aikinta na wucin gadi ne. Oganmu ya gaji da mu. Ya ba mu turke ɗaya a unguwar Karmo mu gwada na mako guda, ya ce idan kira ya riƙa yankewa, ko muka koma tsohon tsari ko da sau ɗaya, za a rufe sashen. Ni za a mayar da ni wani ofis. Ita kuwa gida za ta tafi.

Abin ya yi ta tafiya lafiya har ranar Juma'a. Na bar injiniyar a motar aiki da kwamfuta a cinya, na ce kada ta taɓa madannin komawa tsohon tsari sai na ce, na tafi masallacin da ke kusa da turken.

Ban samu ciki ba, a titi na shimfiɗa darduma. Liman ya hau mumbari, na ɗaga kai na dubi sahu-sahun mutane har inda idona ya tsaya, kowa zaune tsit, kowa da waya a aljihu. Har na ji daɗi, na ce yau turkena yana hutawa. Sai kuma na farga. Duk waɗannan wayoyin sun yi shiru tare, kuma ana sallamewa za su motsa tare, kowace ta buɗe baki a lokaci guda. Turken ba zai ɗauka ba. Ni da ban taɓa fashin Juma'a ba, ban taɓa sa Juma'a a lissafina ba.

Wayata na aljihu, amma ana huɗuba. Ko wanda ke gefenka ba ka ce masa ya yi shiru, balle ka zaro waya. Kuma in na kira ta, me zan ce? In ta danna, mun faɗi. In ba ta danna ba, kira ya yanke wa Karmo gaba ɗaya, nan ma mun faɗi, ga zagi a kai. Gumi ya jiƙa mini kaftani. Limamin nan mutumin kirki ne, amma ranar na rasa ko so nake ya gama ko ya yi ta yi har la'asar.

Ana sallamewa na miƙe, ina tsallake ƙafafun mutane ina ba da haƙuri. Wani dattijo mai shagon atamfa ya riƙe mini hannu.

"Injiniya, ina gajiya? Ya iyali? Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi, Alhaji, sauri nake."

"Saurin me ranar Juma'a?"

Da ƙyar na zare hannuna, haushi kamar ya kashe ni.

Na koma mota na same ta ta sunkuya a kan kwamfuta, yatsanta a saman madannin.

"Ya hau?" na tambaya, ina nufin layin da ke nuna cunkoson turken a allon kwamfutar.

"Oga, ya hau, ya kusa jan layi," ta ce da Hausarta ta 'yan koyo. "Amma duba, yana sauka." Ta nuna taga da haɓa. "Mutanenka bai tashi ba. Wannan yana addu'a, wannan yana neman takalmi, sauran sai gaisuwa. Kowa ya kama hannun kowa, kamar sun shekara ba su ga juna."

Na leƙa. Gaskiyarta. Taron yana watsewa kaɗan-kaɗan, wasu sun tsaya nafila, wasu sun yi cirko-cirko wajen mai rake. Layin da ke allon ya ɗan sake ɗagawa da masu babur suka tayar, sannan ya kwanta.

Sai a lokacin ta janye hannunta daga madannin. 

"Oga," ta ce a hankali, "Litinin zan zo aiki?"

Na ce mata ta zo da wuri, akwai gyaran da za mu yi kafin wata Juma'ar. Ta kifa kai a kan kwamfutar ta fashe da kuka.