Madara a Ƙarƙashin Hijabi

Ko zan tsufa har haƙorana su zube, ba zan manta ranar da na kusa tara wa wata tsohuwa jama'ar Sabon Gari ba. Shekarata goma sha uku lokacin, bakina kuwa ya girme ni.

Mama ce ta aike ni daga Samaru in sayo fulawa da bota a wani kanti, irin wanda mutum ke ɗaukar kwando ya zaɓi kayansa. Ina layin biyan kuɗi, gabana wata tsohuwa ce cikin farin hijabi, da carbi a hannu. Mai kantin da kansa ne ke karɓar kuɗi, wani mai gemu da tabarau. Sai kawai na ga tsohuwar nan ta miƙa hannu ta ɗauki gwangwanin madara, ta tura ƙarƙashin hijabi. Ta ƙara da sabulu biyu. Ko waiwaye ba ta yi ba!

Kaina ya kulle. In yi ihu? Na san halin wurin: kafin in rufe baki, masu keke da masu lemo sun cika ƙofa, kowa da abin dukansa, kuma tsohuwar nan ko iska mai ƙarfi za ta kayar da ita. In yi shiru? To ai na zama abokiyar aikinta ke nan. Na dubi carbin, na dubi tudun madarar, na rasa wanda zan gaskata.

Da layi ya zo kanta sai abin ya ƙara rikicewa. Ta kau da kai, ko gaisuwa babu, ta nufi ƙofa a hankali. Mai kantin kuma ya sunkuyar da kai kamar ya yar da allura. Na ce shi ke nan, asiri ta yi masa.

Na matsa kusa da shi, na yi ƙasa da murya. "Alhaji, tsohuwar can ta ɓoye madara."

Bai ɗago ba. "Wace tsohuwa?"

"Waccan! Har da sabulu biyu!"

Ashe raɗata ta fi lasifikar tasha. Wata malama da ke bayana ta dafe baki, dariya na cin ta. "Ke 'yar nan, mahaifiyarsa ce! Shi ne ɗan farinta. Kina so ta tsaya gabansa a cikin mutane ta ce ba ni sabulu?"

Na san kakata ba ta kiran sunan Babanmu, amma ban taɓa zaton kunyar nan tana bin mutum har kanti ba. Na yi fatan ƙasa ta buɗe in shige da fulawata.

Tsohuwar ta ji komai. Ta dawo, ta ɗauki biskit daga kayan kantin ta danƙa mini. "Jikata, gaya wa mai wurin nan ya samu mai gadi."

Na tsaya da biskit ɗin da ba a biya ba, ban san ko in ci ko in mayar ba.

Na cinye shi a keke napep a hanyar gida. Tun ranar na koyi cewa in na ga abin da ban gane ba, in fara tambaya a hankali kafin in tara jama'a. Yin magana a hankalin ne dai har yau nake koyo.