Koren Sawu a Zaure

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safiyar wata Alhamis allurar zafi ta motar Yaya ta fara hawa. Na riƙe lokacin ne saboda agogon motar yana dab da allurar, ni kuma daga kujerar baya ba na ganin komai sosai sai su biyun da ƙeyar Kaka. Mun baro Kaura mun nufi Shinkafi. Yaya zai kai wa abokan cinikinsa wayoyi a kasuwa, Kaka za ta gaishe da ƙanwarta, ni kuwa an ɗauko ni ne don in riƙe mata jaka.

Na daɗe ina kallon allurar kafin in buɗe baki. Haka nake tun ina ƙarama, sai na juya magana a ciki har ta huce sannan in fitar da ita.

"Yaya, allurar nan ta wuce tsakiya."

"Farfesa, koma kan littafinki," in ji shi. "Motar ga ba ta san zafi ba."

Bai rufe baki ba tururi ya taso daga gaban motar. Ya gangara gefen hanya ya kashe ta. Gero ya yi tsawo dama da hagu, babu gida ko ɗaya a kusa, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin tsayawa ba ce. Allah Ya taimake mu wata bas ta zo, direban ya miƙo mana jarkar ruwa ta taga ba tare da ya kashe injinsa ba, ya ce mu same shi a tasha mu mayar masa da ita. Muka jira injin ya huce, Yaya ya ɗura ruwa, muka lallaɓa.

Motar nan ja ce, ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, a kwance take da ƙasa kamar ƙadangare. Daga Kwatano aka kawo ta. Yaya ya yi shekaru yana sayar da wayoyi yana mafarkinta, kuma in ya tayar da ita duk unguwa sai ta sani. Ya shimfiɗa jar darduma mai kauri a ƙasan kujerar gaba, yana yi mata turaren wuta kamar ɗakin amarya. Ni wurina baya ne, gwiwa a haɓa.

Gaba kuwa ta Kaka ce, mahaifiyar Baba. Da can ba ta son mota, cewa take tana kwance mata ƙashi, ga shi dama ta daɗe tana fama da sanyin ƙafa. Amma watanni kaɗan da zuwan wannan sai ta tsiro da unguwanni. Yau gaisuwar rasuwa a Ɗan Isa, gobe barka, jibi dubiya. Za ta tsaya a ƙofar motar ta tuɓe takalmanta kamar mai shiga ɗaki, ta sa su a leda, ta miƙo mini baya.

"Angona, taka ta," take ce wa Yaya. "Ko tsoronta kaka yi?"

"Tsohuwa, in na taka ta sai haƙorin nan naki guda ɗaya ya rigaye mu isa."

A Shinkafi ran nan wani bakanike a bakin kasuwa ya leƙa, ya shafa nan ya shafa can, ya ce lagireto ne ke tsiyaya ta wata 'yar ƙofa da ido ba ya gani. Ya aika aka sayo ɗanyen ƙwai, ya fasa, ya zuba farin a cikin lagireton. Ya ce zai dahu ya toshe ƙofar.

Kaka ta leƙo ta taga. "Ni tun safe koko kaɗai nis sha, mota ko an ba ta ƙwai. Allah Shi ba mu irin sa'arta."

Da labari ya isa kunnen Baba bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan tayar da hankali. Baba ya yi shekaru yana ɗaukar hatsi tsakanin kasuwanni da wata tsohuwar babbar mota. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Motar da ka tsayawa cikin daji da uwata a ciki ba ta kwana gidan ga. Juma'a ta sama dillali zai zo. In ka gano ciwonta kafin nan, ka nuna mini da yatsa, shi ke nan. In ba ka gano ba, ka yi mata sallama."

Yaya ya ce to. Ranar ko tuwo bai ci ba.

Ƙwan bai yi komai ba. Ruwa ya ci gaba da raguwa, kuma abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne babu ko ɗigo a ƙasa. Bakanikenmu na Kaura, wani mai fara'a da ya saba gyara motar Baba, ya canza murfin lagireto, ya ɗaure bakunan tiyo, ya duba famfon ruwa. Ya shiga ƙarƙashi ya fito da maiƙo har a gemu.

"Oga, motarka ba zubar da ruwa take ba. Sha take."

Ni a lokacin ina karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje, kuma an koya mana cewa ruwa ba ya ɓacewa, wuri kawai yake canzawa. Maganar ta hana ni sukuni. Na nemo littafin motar a waya na yi ta bi shafi shafi. Matsalata ita ce ba na iya magana a gareji, cikin maza. Sai in ja hannun rigar Yaya in raɗa masa, shi kuma ya gyara murya ya faɗa kamar yanzu tunanin ya zo masa.

"Ina ganin mu shimfiɗa kwali ƙarƙashinta ta kwana a kai," ya ce wa bakaniken.

"Kai, Oga, ashe kai ma ka taɓa aikin."

Muka shimfiɗa kwalin a rumfar da take kwana. Da safe ya bushe ƙayau, in ban da kusurwa ɗaya da akuya ta ci.

Abu ɗaya da na lura da shi shi ne gilashin gaba yana yin gumi daga ciki. Na faɗa wa Yaya, ya ce damina ce, kowace mota haka take. Akwai kuma wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ke tashi in mota ta yi zafi, amma shi ko ni kaina na ɗora shi a kan turaren Yaya.

Ana saura kwana kaɗan Juma'a na raɗa masa shawara ta biyu. Tun da ruwa ya fara raguwa ruwan rijiya yake ɗurawa, shi kuwa ba ya barin alama, da ya zuba a kan inji mai zafi sai ya bushe. Na ce a sayo ruwan lagireto na kanti, koren nan, duk inda ya bi zai nuna. Yaya ya sa aka kawo daga Gusau, aka juye tsohon, aka cika ta da kore shar. Muka bar injin yana aiki, muka zagaye shi da tocila, ni da shi da bakaniken, kamar masu neman ɗan kunne. Ko ɗigon kore ba mu gani ba.

Sai aka ba mu labarin wani bakanike a Zurmi da ya yi aiki a kan motocin Jamus a birni kafin ya dawo gida. Baba ya yarda mu je, da sharaɗin mu bi bayan babbar motarsa, kada mu wuce ta. Ban taɓa ganin Yaya cikin ƙunci irin na ranar ba, yana tafiya a bayan buhunan dawa, babura suna wuce shi suna ɗaga masa hannu. Kaka ta ce ita ma za ta, tana da wadda za ta duba a Zurmi. Baba ya hana, ta dube shi sau ɗaya, ya buɗe mata ƙofa da kansa.

Mutumin Zurmi dattijo ne marar yawan magana. Ya zaro sandar baƙin mai ya duba ko ya koma kamar kunu, bai koma ba. Ya tsuguna bayan salansa yana jiran farin hayaƙi, babu. Ya goge hannu ya ce:

"Yaro, ba ni yi maka ƙarya, ban gani ba. Abin da yar rage shi ne a buɗe kan injin a duba gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa. Kuma in an buɗe shi, ba wanga sati ba."

A hanyar dawowa Yaya ya kashe rediyo. Kaka ce kaɗai ke cikin nishaɗi, ta jingina da kujera tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, har ta yi gyangyaɗi.

Mun iso gida bayan la'asar. Yaya ya tsaya dab da ƙofar zaure. Ni na maƙale a baya ina kiciniyar fitowa da jaka da leda, Kaka kuwa ba ta jira takalmanta ba, ta taka ta shige. Na biyo ta da ledar a hannu, sai na tsaya cak.

A kan simintin zaure akwai sawun ƙafa, ƙanana, masu yatsu a ware, sun nufi cikin gida. Kore ne shar.

Na koma motar na durƙusa na ɗaga jar dardumar. Ta yi nauyi, ta jiƙe sharkaf, da ɗumi kamar an tsamo ta daga tukunya. Shimfiɗar da ke ƙarƙashinta ma haka, in ka danna sai kore ya tsatso tsakanin yatsunka. Na cusa kaina ƙarƙashin wurin ajiye takardu na gaba, na ga ɗigo yana taruwa a bakin wata roba yana faɗowa a hankali. Abokan Yaya da yawa sun zauna a wannan kujera, amma dukansu da takalma a ƙafa.

Ban raɗa ba. Da ƙarfi na kira shi, har maƙwabciyarmu ta leƙo.

"Yaya! Hita ce! Ruwan cikin mota yake zuba!"

A littafin na gani cewa akwai wani ƙaramin lagireto, wato hita, a ɓoye a bayan allon gaba, wanda ruwan zafi na inji ke bi ta cikinsa don ya ɗumama masu tafiya a ƙasashen ƙanƙara. Na karanta shafin na wuce, don ban ga abin da ya haɗa shi da mu ba. Ashe a irin wannan mota ruwan yana zagayawa ta can ko ba a kunna komai ba, kuma sai inji ya yi zafi yake matso shi waje. Shi ya sa kwalinmu ya kwana a bushe.

Da safe bakanikenmu na Kaura ya ga dardumar, ya dafa kai yana dariya.

"Hita! Wallahi na manta ana yin mota da ita. Wa za shi tuna da hita a Kaura?"

Ya zare tiyo biyun da ke shiga can ciki, ya haɗa bakinsu da juna da guntun ƙarfe, ya ɗaure. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Yaya ya kawo Baba ya nuna masa wurin da yatsa, kamar yadda aka ce. Baba ya sa aka cika ruwa, ya shiga gaba da kansa, suka je Ɗan Isa suka dawo. Ya buɗe ya duba, ruwan yana nan inda aka bar shi.

"A gaya wa dillali ya sha zamansa," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Ke kika gani?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni na ce a sayo koren," in ji Yaya. Baba ya dube shi. "To, ita tac ce in ce."

Inna ta wanke wa Kaka ƙafafu da sabulu har sau nawa, tana ta salati, don na gaya mata ruwan nan guba ne. Dardumar ta kwana a kan igiya tana ɗigar kore, muka kore kaji daga wurin.

Wata tambaya ce ta tsaya mini. Na yi wa Kaka ita a ranar, ta ce barci take ji. Na sake washegari, ta aike ni sayen goro. Abin da na lura kuma, unguwanninta sun ƙare. Yaya ya yi ta tayi, har ya ce zai kai ta Shinkafi wurin ƙanwarta, ta ce ai sun gaisa kwanan nan.

Sai wata ranar Asabar, ina shafa mata man zafi a idon sawu, na ce:

"Kaka, don Allah. Watanni ƙafarki na cikin ruwa. Kina ganin muna ta yawo daga gareji zuwa gareji, Yaya ya rame. Me ya hana ki faɗa?"

Ta ɗan ja ƙafarta, ta gyara goron da ke kuncinta, ta dube ni kamar na tambaye ta abin da kowa ya sani.

"Ruwan inji kunka ce kuna nema, ni ina ruwana da inji? Wanga na ƙafa ne. Mota ɗaya tak cikin garin ga mai gasa ma tsohuwa ƙafa tun daga Kaura har Zurmi, ni na ɗauka abin da yas sa ta tsada ke nan. Ga shi ke da bokonki kun taru kun lalata ta."