Idon Malume Zungu da Agogon Hukuma

Duk wanda ya tashi a unguwarmu, can bayan Durban inda motocin haya suke juyawa, in dai ya iya iyo, to ya sha tsawar Velaphi Zungu. Shekara ashirin da shida ya yi a kan doguwar kujerar nan ta bakin tafkin iyo na hukuma, da jan gajeren wando da tumbin da yake cewa wai na ajiyar iska ne. Yara suna ce masa Malume, wato kawu, iyayensu ma haka, har tsofaffin da suka girme shi. Aikinsa guda ɗaya ne, kada kowa ya nutse. Kuma tsakani da Allah babu wanda ya taɓa mutuwa a ruwan nan yana bakin aiki, maganar da ba ya bari a manta da ita ko a gidan makoki.

A rafin ƙauyensu ya koyi iyo, riƙe da jelar saniya. Da ya zo birni neman abinci, shara ya samu a tafkin, yana wanke bayan gida yana tsince ledoji. Wata rana wani ƙato ya zame a wajen zurfi, mai gadin ruwan ya tafi sayen sigari, Velaphi ya miƙa wa ƙaton sandar tsintsiya ya jawo shi. In yana ba da labarin sai ya ce, "Tsintsiya ce ta yi aikin, amma da yake ba ta iya sa hannu a takarda ba, ni aka ɗauka." Daga baya dai ya yi kwas ɗin ya ci, ya kuma zama gwani na gaske. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, karatu ɗaya yake fara yi masa: mai nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, shiru yake tafiya a tsaye kamar mai tunani. Don haka ka ƙirga kawuna, ka gama ka sake ƙirgawa. Ido ne jarin mai wannan aiki.

To, idon ne ya fara cin amanarsa. Shekara uku da suka wuce yanar ido ta fara rufe masa na hagu, daga baya ta leƙa na dama. Da farko ruwan ya zarga, ya yi faɗa da mai zuba magani cewa tafkin ya yi duhu. Sannan ya zargi rana. Ranar da ya cire hula ya gai da kwandon sharar maƙwabta da cikakken ladabi, matarsa MaDlomo tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo.

"Me ya ce maka, Baba? Ya amsa?"

"Kauce mini, mace. Gwada ki nake yi."

"Ka je asibiti, abin nan cirewa ake yi."

"In je su rubuta, takarda ta kai ofis, a sauko da ni daga kujera a kai ni ƙofa ina yagar tikiti? Ni? Saura shekara biyu in yi ritaya, a kan kujerar nan zan gama."

Wannan ne tsoronsa, kuma ya fi tsoron ƙofar nan a kan kabari. Gwajin idon da ake yi musu duk shekara bai dame shi ba, don allon haruffan da ke bangon ɗakin shan maganin tun yana da gashi a ka yake nan, ba a taɓa sauya shi ba. Ya haddace shi tas, har layin ƙarshe, yana bitarsa a hanya kamar ɗan makaranta. Nas ɗin har yaba masa take yi, ta ce idon Malume ya fi na matasa, shi kuma ya gyara wuyan riga ya yi godiya, ko kunya babu.

Ana cikin haka hukuma ta kawo na'ura. Kyamara takwas aka kafa, wasu a sama, wasu a jikin bango cikin ruwa, kowane mai gadi kuma aka ɗaura masa agogo. Shugabar wurin, Misis Ramsamy, mace mai magana a hankali da fayil a hammata, ta tara su ta yi bayani. In na'urar ta ga mutum ya yi ƙasa ya daina motsi, agogon zai girgiza, ya nuna hoton tafkin da jan ɗigo a daidai wurin. Akwai maɓalli biyu. In gaskiya ne ka danna na dama ka faɗa ruwa, in ƙarya ne ka danna na hagu, da haka take koyo.

"Madam, ita wannan abar ta iya iyo?" in ji Velaphi.

"Ba ta iya ba, Mista Zungu. Gani kawai take yi."

"To ai mu ma gani muke yi."

"Ita ba ta ƙiftawa, kuma ba ta juyawa ta kalli mai sayar da fanken magwinya."

Aka yi dariya, har da Zodwa Cele, abokiyar aikinsa, wadda shi ya koya mata iyo tana 'yar shekara bakwai. Dariyar nan ta Zodwa ta fi komai ƙona masa rai. Daga ranar ya ɗaura yaƙi da agogo. Kuma a makonnin farko na'urar ta ba shi abin faɗa, don inuwar tsuntsu ta sa ta kuka, tawul ya faɗa ruwa ta yi kuka, ga wani tsoho da ya yi aikin tashar jiragen ruwa, mai son zama a ƙasan tafki yana gwada numfashinsa, wanda ita kullum a wurinta gawa ne. Velaphi ya riƙa danna maɓallin ƙarya da jin daɗi, yana shela wa duk mai saurare cewa hukuma ta sayo makauniya. Shi mai faɗar haka kuwa ba ya ganin jan ɗigon sai ya kawo agogon dab da hancinsa, sai ya ƙirƙiro dabarar sosa hanci da bayan hannu. Har yara suka fara tambaya ko mura ce take damun Malume.

Ranar da ta biyo bayan Kirsimeti, tafkin ya cika har babu masaka tsinke. Zafi ake yi na gaske, mutane sun shimfiɗa barguna a kan ciyawa, ana gasa nama a bayan katanga, rediyo uku suna gasa da juna. Zodwa tana can wajen zurfi, shi yana kujerar tsakiya. Tun safe agogon ya girgiza sau huɗu, duka huɗun ƙarya. Wajen ƙarfe biyu ya sake girgiza. Velaphi ya yi tsaki, ya sosa hanci, ya ga ɗigon a hagunsa, kusa da tsanin ƙarfe, inda ƙasan tafkin yake fara gangara.

Ya duba wurin. Bai ga komai ba sai farin ƙyalli da baƙaƙen dunƙule suna tsalle. Ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin hagu. Da a shekarun baya ne, kallo ɗaya ya ishe shi ya rantse cewa babu kowa a ƙasa. Yanzu kuwa sai tambayar da ya yi shekara uku yana guje mata ta taso masa: babu kowa ne, ko kuwa kai ne ba ka gani? In ya faɗa ruwa aka tarar tawul ne, za a yi masa dariya har bikin Ista, a ce Malume ya ceto tawul bisa umarnin agogo. Abin da ya tsaya yana aunawa ke nan, mutumin da ya yi rantsuwar tsare rayuka, yana auna dariyar masu gasa nama.

Sannan ya faɗa. Ba irin faɗawar da yake koya wa yara ba, da tumbi ya sauka, takalmi ɗaya a ƙafa, ƙarar ta kai har bakin titi. A cikin ruwan ma ba gani ya yi ba, lalube ya yi ta yi da hannu da ƙafa, har gwiwarsa ta bugi wani abu mai laushi. Yarinya ce 'yar shekara takwas, Nothile, da shuɗin kayan wanka kalar ƙasan tafkin. Ya ɗago ta jikinta a sake. Zodwa ta riga ta iso, ta karɓe ta ta kwantar, ta shiga danna mata ƙirji tana hura mata iska, shi yana durƙushe yana haki yana kiran sunan Allah. Can yarinyar ta yi tari, ta amayar da ruwa da jan lemon kwalba, ta fashe da kuka. Motar asibiti ta zo ta ɗauke ta da kakarta.

Kafin magariba labari ya zaga unguwa, kuma kun san mutanenmu da ƙarin gishiri. Wai Malume ya hango yarinyar tun kafin na'ura ta farka. Wai ta cikin mutum ɗari uku ya gano ta. Shi kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai riƙa ɗaga hannu yana cewa aikinmu ne. Kwana uku yana cin magwinya kyauta, direbobin haya suna ƙin karɓar kuɗinsa, kuma wallahi ya ji daɗin abin, shi ya faɗa.

A rana ta huɗu, suna shan shayi kafin a buɗe ƙofa, Zodwa ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Malume, ka san na'urar nan tana rubuta lokaci?"

"Ta rubuta mana, ai ba ta da aikin yi."

"Daga girgizar agogo zuwa faɗawarka, daƙiƙa goma sha tara. Na kalli hoton. Fuskarka tana kan wurin tun daga farko."

"Tabbatarwa nake yi, 'yata."

"Malume, ni ce fa. Tun bara nake ƙirga kawunan ɓangarenka in haɗa da nawa. Ban gaya wa Madam ba, ba kuma zan gaya mata ba, kai ka koya mini ruwa. Amma na gaji, kuma ina jin tsoro."

Ashe shekara guda yarinyar nan tana ɗauke da shi a baya, shi yana can sama yana hura hanci. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya shanye shayin da zafinsa ya tashi ya hau kujera, don bai san inda zai sa kansa ba.

Da hantsi sai ga Misis Ramsamy da wata tsohuwa mai ɗankwali da sandar dogarawa, ta rungumo kaza ja an ɗaure mata ƙafafu. Kakar Nothile ce, Gogo MaSibiya. Misis Ramsamy ta ce ya sauko, ga baƙuwa, ga kuma takardar da za ta aika ofis don a ba shi lambar yabo, hannu kawai zai sa. Mutane suka fara taruwa.

"Ɗana," in ji tsohuwar, "likita ya ce da an ƙara ɗan jinkiri kaɗan, da ko ta tashi ba za ta san ni ba. Uwarta ta rasu, ita kaɗai ta bar mini. Ba ni da saniya, ga kaza. Allah ya bar maka idon nan naka."

Velaphi ya dubi inda yake zaton fuskarta take.

"Gogo, ban gan ta ba."

"Me ka ce?"

"Ban gan ta ba. Agogon nan ne ya gan ta, ni kuwa na zauna ina gardama da shi. Madam, idona ya yi shekara uku da lalacewa. Allon gwajin haddace shi na yi. In kina so in karanto miki shi yanzu har layin ƙarshe, da idona a rufe."

Wani daga baya ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye ta. Misis Ramsamy ta ninke takardar a hankali ta mayar cikin fayil. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, kazar tana mutsu-mutsu a hannunta.

"Ka san inda nake a lokacin?" ta ce. "Ina can kan bargo, na juya wa ruwan baya ina ɓare lemo. Maƙwabciyata ta ce in sa ido a kan yarinyar, na ce mata ta kwantar da hankalinta, Malume ne a kan kujera."

Ta tura masa kazar a ƙirji. "Riƙe. Kai dai ka shiga ruwan, kuma ba zan sake hawa mota da ita ba, ta ɓata mini zane." Ta juya ta dogara sandarta ta nufi ƙofa.

Misis Ramsamy ta ce, "Zodwa, hau kujerar tsakiya, zan kira a turo wani wajen zurfi. Mista Zungu, gobe da safe asibiti, ni zan rubuta takardar."

"To, Madam. Yau fa?"

"Yau babu kowa a ƙofa."

Ya gyara wa kazar zama a hammatarsa, ya tambaye ta a wace durowa ake ajiye littafin tikiti.