Koren Hasken Da Yaya Ta Bar Mana

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tasha ina duba tayoyin mota, mijinki ya kira ni ya ce Allah Ya yi miki rasuwa. Na nemi benci na zauna. Na Allah ne mu duka, Yaya, kuma wurinSa muka nufa.

Jama'a sun san ki malamar kimiyyar sinadarai a jami'a. Ni ƙaninki direba ne, amma ina alfahari da cewa ni ne sanadin aikin da kika ba rabin rayuwarki. Shekarun baya wani fasinja mai fara'a ya miƙo mini lemo a hanya, na shanye. Sai farkawa na yi a gadon asibiti, babu mota babu kaya. Kika zo kika yi kukanki, kika share hawaye kika ce, "Kai dai kwaɗayi ne zai ƙarasa ka." Sannan kika tambayi likita sunan maganin barcin da aka zuba mini. Ba shi da launi, ba shi da wari. Abin ya tsaya miki a rai.

Da na warke kika kai ni ɗakin gwaje-gwajenki, cikin kwalabe da warin sinadari, kika yi mini bayani. "Ƙwayar maganin nan tana da siffarta, kamar ƙafa. Ni takalmi nake ɗinka mata daidai ita. In ta shiga ta zauna daram, sai takalmin ya yi haske."

Na ce, "Ashe duk karatun nan dukanci kika koyo?" Kika jefe ni da safar hannu.

Sinadarin farko da kika haɗa ba ya bambance komai. A ɗiga masa shayi ya haska, a ɗiga maganin tari ya haska. Ɗalibanki suka sa masa suna Magulmaci, don babu wanda bai yi wa ƙazafi ba. Ke kika fi kowa dariya, washegari kuma kika sake sabon ɗinki. Haka kika yi shekaru, ban taɓa jin kin ce kin gaji ba.

Ba zan manta ranar da kika kira ni kina ihu ba, har na zaci gobara ce. Na zo da rana tsaka, kika saki labule, kika ajiye kofi biyu na lemo, ɗaya da maganin barcin a ciki, kika ɗiga sabon sinadarinki a kowanne, kika kunna 'yar fitila mai shuɗin haske. Ɗaya ya zauna shiru. Ɗayan ya ɗauki kore shar. Yaya, mai jikoki, cikin farar rigar aiki, kika taka rawa ɗalibai na tafi.

Ba ki bar shi a kwalba ba. Kika mai da shi 'yan siraran takardu, kika zo tasha da kanki, kika hau benci kina koya wa direbobi yadda za su tsoma su haska. Kwanakin baya wani abokin aikina ya tsoma a lemon da fasinja ya ba shi, takarda ta yi kore. Ya miƙa masa kwalbar ya ce, "Bismillah, malam, fara sha." Ta taga mutumin ya fita. Da na ba ki labarin kina kwance a asibiti, kika yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta yi mana faɗa. Da ta fita kika kama hannuna kika ce, "Sake ba ni daga farko."

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa duk wanda ya isa gida lafiya ta dalilinki ya zama lada a mizaninki. Ga mijinki, da 'ya'yanki da jikokinki, da ɗaliban da kika bar wa ragowar aikin, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki baki ɗaya. Amin.